Dangwalen Inna Hansai

Ni ce ta uku a jerin masu magana bayan azahar, lokacin da duk wanda ya ci shinkafar kabsa da rana yake kokawa da idonsa. Taron kwana uku ne a wani otal a Riyad kan dokar 'yancin samun bayanai, an taro mu daga ƙasashe sama da ashirin, kowa da katin suna a wuya kamar ragon layya. Sunana Zahida. Shekara tara ke nan ina riƙe da teburin amsa buƙatun jama'a a wata ma'aikata a Abuja, wadda sunanta ba zai ƙara muku komai ba. An gayyace ni ne saboda tun da na hau teburin, ba wasiƙar da ta taɓa wuce kwana bakwai ɗin da doka ta yanka ba a amsa ta ba.

Abin da ban sa a ƙasidar ba shi ne yadda ake yi. In rana ta bakwai ta zo ba ka samu dubawa ba, akwai amsa a ajiye cikin kwamfuta, layi biyu rak: mun bincika, babu wannan bayani a hannunmu. Ka sa hannu, ka buga hatimi, ka rufe fayil. Duk wanda ke zaune a zauren nan ya san dabarar, har waɗanda suka fi kowa gyaɗa kai.

Don in nuna doka ta kai har ƙauye, na haska hoton wata wasiƙa a allo. Wata tsohuwa ce take tambaya ko ofishinmu ya samu labarin ɗanta da ya tafi Saudiyya aikin gini, wata takwas ba a ji ɗuriyarsa ba. Na bi da baƙin alƙalami na shafe sunanta da na ɗan, da garinsu, da lambar waya, yadda aka koya mana. A aikinmu suna da adireshi su ne mutum, in ka shafe su ka rufa asiri. Rubutun hannun na bar shi yadda yake, da dangwalen babban yatsanta a ƙasa, da shuɗin tawada.

Ina da wasiƙu ɗari da zan iya ɗauka, amma wannan ce kullum take fara faɗo mini a hannu. Shekara shida da suka wuce na ba ta amsar layi biyu. Bayan wata goma sha ɗaya, muna sauya durowoyi, na ci karo da takarda guda: rahoton rasuwar ɗan nata, wanda ya iso mana sati uku kafin wasiƙar. Na karanta shi a tsaye. Buɗe fayil ɗin da aka rufe yana nufin in rubuta da hannuna cewa amsar farko ƙarya ce. Na mayar da takardar inda na same ta, na tura durowar da gwiwa. Tun daga ranar, ko tawadar hatimi ta taɓa mini yatsa sai gabana ya faɗi.

A allon otal ɗin dangwalen ya kai girman faifai. Ina magana ina jin sa a bayana.

Da aka zo tambayoyi, wani farfesa ya ɗaga hannu har ya gaji. Ma'aikacin otal ɗin da ke kai wa mutane makirfo, wani dogo mai furfura a gemu, ya tsaya cak a tsakiyar hanya yana kallon allo. Sai da shugaban zaman ya ce masa "yalla", wato yi sauri, har sau biyu ya motsa.

A hutun shayi ya same ni kusa da taga.

"Hajiya, sannu da aiki."

"Yawwa, Malam. Ashe ɗan gida ne."

"Sunana Kamil. Wasiƙar nan da kika nuna, ni na rubuta ta. Yatsan na Innarmu ne, Hansai. Ni na riƙe mata hannu ta dangwala."

Kunya ba ta hana bakina yin abin da ya saba ba. Na ji kaina ina cewa doka ba ta ba ni damar tattauna buƙatar wani da wani ba. Bai yi musu ba. Ya ciro walat, daga bayan iƙamarsa, katin izinin zama a ƙasar, ya zaro wata takarda da aka ninke har ta tsage aka like da salatif. Ya buɗe ta a hankali a kan tebur, tsakanin kofuna. Amsar layi biyun nan ce. Sa hannuna ne a ƙasa, da 'yar lanƙwasar da nake yi lokacin ina ji da kaina.

"Wannan ce ta kawo ni ƙasar nan," ya ce. "Inna ta ce tunda gwamnati ba ta da labarin mutuwarsa, to Lado na nan da rai. Ƙanena ne. Na samu kafil, ubangidan da ya tsaya mini, na taho. Shekara biyar, duk Juma'ar da ba aiki, unguwar Sulay ta leburori nake tafiya, ɗaki-ɗaki, da hotonsa. Na je Dir'iyya wajen masu gini. Kowa ya ce ma fi, babu."

"Inna fa?"

"Ta rasu bara. Har ta koma ga Allah ba ta yarda an yi masa sadaka ba. Matarsa Hajar na nan a ɗakinta. Iyayenta sun so a je gaban alƙali a raba auren, ta ce ai akwai takarda, ba za ta fita ba." Ya ɗora yatsa a kan hatimin. "Ba rigima na zo yi ba, Hajiya. Na ga kin kawo wasiƙar har nan, na ce ko wani abu ya ɓullo daga baya."

Aka buga ƙararrawar komawa zaure. Mutane suka fara ajiye kofuna, wata mata ta taɓa kafaɗata ta ce ƙasidata ta burge ta. Na san zan iya cewa zan duba in na koma gida, kuma zai yi mini godiya. Tsoro nake ji ƙwarai, na aikina, da na idon mutumin nan.

"Malam Kamil, Lado ya rasu."

Na faɗa masa duka, don na haddace takardar kamar Fatiha. Ya faɗo daga saman gini ranar sha biyu ga Rajab, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. An sallace shi bayan la'asar, an binne shi a nan Riyad. Na ce rahoton yana ofishinmu tun kafin wasiƙarsu ta zo, ban duba ba, da na gani daga baya kuma na mayar da shi durowa.

Ya yi salati a hankali. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai na ga yana lanƙwasa yatsu, Sha'aban, Azumi, Shawwal, yana ƙirga wata huɗu da kwana goma.

"Ashe ranar da na riƙe hannun Inna, takabar Hajar ta riga ta ƙare," ya ce. "Shekara shida tana zaune."

Ya ninke takardar ya turo mini, ya ce tawa ce. Sannan ya ciro waya ya danna, ya miƙo mini tana ringi.

"Ke za ki faɗa mata, Hajiya. Ke kika san kwanan watan."

Na kara a kunne. Bugu biyu aka ɗauka, na ji kukan akuya daga nesa da ƙarar turmi, sai muryar mace, da sauri, tana haki kamar wadda ta taho da gudu.

"Yaya Kamil? An gan shi?"