Laifin Firizar Mariya

Kwana uku Mama Asibi ta ba Mariya: ko wuta ta daina yankewa, ko firiza ta bar mata gida. Ba muguwar mace ba ce, gajiya ta yi. Gidanta na haya a Nyanya ɗaki shida ne, mita ɗaya, breka ɗaya mai yanke wuta a jikin bangon shiga, kuma wata biyu ke nan brekar nan ba ta da aiki sai faɗuwa. Ana tsakiyar guga, ƙat! Ana kallon ƙwallo, ƙat! In an ɗaga ta ma sai ta ƙi zama, sai an jima ta ga dama.

Duk gidan firizar Mariya suka sa wa ido, don tsohuwa ce, ga gurnani kamar injin markaɗe. A cikinta take sanyaya zoɓo da kunun aya, mijinta Manniru ya jera a teburinsa na ƙofar gida, masu jiran motar shiga gari su saya. Da wannan ake ɗora tukunya a ɗakinsu. Ba su da wata sana'ar.

Har gwaji aka yi. Ranar Juma'a Mama Asibi ta zare firizar tun safe, wuta ta zauna lafiya lau. Wajen ƙarfe huɗu ta mayar, ba a yi minti goma ba breka ta faɗi. Shi ke nan, aka yanke hukunci. Mariya ta shiga ɗaki ta yi kukanta, don ita kanta ta fara yarda.

A rana ta uku ta kirawo Solomon, mai gyaran wuta na bayan tasha, wani siriri marar gaggawa wanda har yakan ba mutane haushi.

"Oga Solomon, don Allah ka rufa mini asiri," ta ce a hankali. "Ka cire wannan 'yar banzar breka ka sa babba, ko ka haɗa wayar kai tsaye. Kowa ya huta."

"Madam, wannan kam ba zan yi ba," in ji shi. "Breka ba ya faɗuwa haka kawai. Akwai abin da ya gani."

Ranta ya ɓaci. Ita da ke neman mafita, an kawo mata mai wa'azi.

Ya auna firiza da na'urarsa, ya duba soket, ya shinshina filogi, ya ce lafiyarta ƙalau. Mama Asibi ta taɓe baki. Sai ya bi 'yan haya yana tambayar ƙarfe nawa abin ke faruwa. Wannan ya ce kullum, wancan ya ce ko yaushe. Da ya zo kan Mariya, ita ba mai duba agogo ba ce.

"Jiya dai ana kiran Azahar ta faɗi. Ta sake da La'asar, ina shimfiɗa sallaya. Sai kuma Magariba."

"Shekaranjiya fa?"

Ta ƙirga da yatsunta. "Haka ne. Wallahi haka ne kullum."

"Asuba?"

"Ba ta taɓa ba."

Solomon ya zare filogin firiza, ya jawo benci bakin ƙofar ɗakin ya zauna yana riƙe da shi a hannu, inda kowa zai gani.

"Aikin ke nan?" Mama Asibi ta tambaya. "Na ga kana zaune kamar mai jiran bas."

"Mama, ladan nake jira."

Sun fi awa guda a haka. Mariya tana leƙen firizarta a kashe, tana jin ƙanƙarar tana narkewa a zuciyarta. Can lasifikar masallaci ta ɗauka. Aka yi minti biyu, uku. Ƙat! Fankar tsakar gida ta tsaya, ga filogi a hannun Solomon.

Ya ajiye filogin, ya miƙe ya yi waje, matan suka bi shi. A gefen katanga, bakin kwata, Manniru ne tsugune da butarsa, tare da mai lemo da mai gyaran takalmi da wasu masu tura ruwa su biyu. Nan suke alwala tun da aka rushe rumfar da suke yi a cikinta a da, wata biyu da suka wuce. Ruwan yana bin gindin katangar yana shigewa wata 'yar tsaga a siminti. Da asuba ba wanda ya fito kasuwa tukuna. Ranar Juma'a kuwa babban masallaci suke tafiya, sai La'asar suke dawowa.

"Ku matsa baya, don Allah, dukanku," in ji Solomon.

Ya koma ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya fasa simintin da guduma. Ba a yi taƙi ɗaya ba sai ga wayar fitilar ƙofar gida. Wani gwani da ba a san ko wane ne ba ya taɓa haɗa ta, ya naɗe mahaɗin da ledar burodi ya binne. Ledar ta ruɓe, jan ƙarfen yana kwance tsirara a cikin laka.

Solomon ya yanke wajen, ya ja sabuwar waya cikin bututun roba ta saman katanga. Ya ɗaga breka, ya karɓi buta ya kwarara ruwa a inda ake alwalar. Fanka ta ci gaba da juyawa.

Mama Asibi ba ta iya ba da haƙuri da baki ba. Ta shiga ɗakin Mariya ta ɗauki filogin ta soka shi da hannunta, ta ce, "Firizarki ta zauna. A kawo mini kunun aya in ya yi sanyi."

Mariya ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta yi ta jero wa Solomon addu'a, shi da 'ya'yansa da iyayensa, yana ta amin yana tattara kayansa.

"Madam, ni ban yi komai ba," ya ce, ya nuna bakin kwatar da sukundireba. "Maigidanki yana tsugunawa a nan ba takalmi, cikin ruwa, sau uku a rana. Da na haɗa waya kai tsaye da safen nan yadda kika ce, yau ba abin da zai yanke wutar in ta ja shi."

Ta juya ta dubi Manniru. Yana tsaye da hannun riga a naɗe, ruwa na ɗiga daga gemunsa, yana tambayar ko yanzu zai iya ƙarasa wanke ƙafarsa. Ta zauna a kan dakali ta rufe fuska da mayafi, ba abin da ke fita daga bakinta sai alhamdulillahi.