Iddar Najiba Daudawa

"Ukku za ki ce. Kin ji ni ko? Ukku."

Gwaggo Larai ta faɗi haka a kunnen Najiba tana matsa mata cinya, a karo na biyar tun da motar haya ta baro Kankara. Najiba ta gyara niƙabin da ta ara don kada a gane ta, ta juya fuska ga gonakin dawa da ke wucewa ta taga.

Niƙabin ya ɓoye ta, amma bai hana ta jin kanta ba. Waƙarta direba ya kunna, yana bin amshi da wata murya da ko akuya ba za ta yi hassadarta ba. Daga Kankara har Sabuwa, bikin da Najiba Daudawa ba ta riƙe makirufo ba, uwar amarya takan yi mako tana ba baƙi haƙuri. 'Yan mata ma sun kwaikwayi yadda take zagayo da mayafi ta ƙarƙashin haɓa ta soke da allura, suna kiransa ɗaurin Najiba. Ba wadda ta san gashi ne ake rufewa a wurin, wanda take tsigewa kowace safiya har idonta ya kawo ruwa.

"Yau ne fa shari'ar tata a Faskari," in ji wani fasinja a gaba. "Tsohon mijin ya ce har yanzu matarshi ce."

"Bayan wata goma da saki?" in ji direba. "Wanga mutum ya sha wani abu."

Badamasi bai sha komai ba, abin da ya fi ci wa Najiba rai ke nan. Ɗan kasuwar hatsi ne a Damari, ya aure ta ta huɗu, suka yi shekara shida ba haihuwa. Shi ya kai ta wajen wata likita a Funtuwa, shi ya zauna kusa da ita aka nuna musu hoton ƙananan ƙuraje da suka yi wa ma'ajiyar ƙwanta layi. Likitar ta ce sunan ciwon PCOS, mata da yawa na da shi. Shi ke kawo ƙiba da gashin haɓa, shi ke wahalar da samun ciki, shi kuma ke sa al'ada ta ɓace wata huɗu, wata shida, ta dawo ranar da ta ga dama. A mota Badamasi ya riƙe hannunta ya ce wannan magana ta mutu a tsakaninsu.

Da ya gaji ya ba ta saki ɗaya, ta koma gida. Kowa ya ƙirga wata uku ya ce idda ta cika, har ita ta bar su a haka don kunya. Sai ga Mas'ud, malamin makaranta a Kankara, mai sanyin magana, wanda bai taɓa roƙonta ta yi masa waƙa ba. Aka sa ranar ɗaurin aure Juma'ar nan. Labari na isa Damari, Badamasi ya tara shaidu ya ce ya mayar da matarsa, domin idda da jini uku ake ƙirga ta, shi kuma ya san jikin Najiba.

Ya sani kuwa. Biyu ta gani a wata goman nan. In ta ce uku, Juma'a ta zama matar Mas'ud. In ta ce biyu, ita matar Badamasi ce tun makon jiya.

Harabar kotun ta cika kamar ana rabon taki. Matasa sun hau katanga, wayoyi a sama. Najiba na cire niƙabi a ƙofa aka ɗauki sowa, wata mata ta yi guɗa sai ka ce amarya aka kawo. A ciki fanka ba ta juyi. Mas'ud na zaune a benci na biyu kusa da yayansa Alhaji Gide, wanda zai karɓa masa aure. Ya yi mata murmushin mutumin da ya tabbata ƙarya ake yi wa nasa, ita kuwa ta kawar da kai.

Alƙalin tsoho ne siriri, gilashinsa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Ya fara sa ɗan sanda ya kori wayoyin daga taga, sannan ya ba Badamasi dama.

"Allah gafarta Malam, ni ban so a zo nan ba," in ji Badamasi, yana gyara babbar riga. "Amma aure kan aure za a ɗaura, shi ya sa na yi magana. Matar nan tana da lalura. Likita ta hwaɗa gabana. Sai ta yi rabin shekara ba ta ga jini ba. Har gemu gare ta, in an buɗe—"

"Ba gemu aka kawo mani ba," in ji alƙali. "Zauna."

Amma maganar ta riga ta fita. Najiba ta ji ta tana tsallaka taga, tana bin bakuna har bakin titi, ta ji dariyar da ta biyo baya. Alhaji Gide ya juya ya dubi ƙanensa. Mas'ud bai daina kallonta ba, sai dai murmushin ya tafi.

"Ɗiyata, matso," in ji alƙali. "Wanga abu ba ni da shaidar da zan kira. Likita ba ta kwana cikin ɗakinki, shi ma mai ƙara bai kwana. Amana ce Allah ya ba mata, maganarki ita za a bi, ko rantsuwa ba zan sa ki ba. Tun ranar da ya sake ki, jini nawa kika gani?"

Gwaggo Larai ta yi tari a bayanta, tarin da ba na mura ba.

Da rantsuwa aka ce, da ya fi mata sauƙi, sai ta ji tsoron Alƙur'ani ta huta. Yanzu ba kowa a gabanta sai ita. Kalma ɗaya ce, kuma Badamasi ya cancanci a yi masa ƙaryar da ta fi wannan. Amma ta hango kanta a ɗakin Mas'ud, shekara ɗaya, shekara goma, yana kiranta matarsa ita kuma ta san ba haka ba ne. Ta hango in Allah ya yi ikonsa an samu ɗan da likita ta ce ana iya samu, da wane ido za ta dube shi ranar suna. Tsoro ya kama ta sosai. Muryar da ke cika fili ba lasifika ta fito ƙarama.

"Biyu, Allah gafarta Malam."

"Innalillahi!" in ji Gwaggo Larai. "Ruɗewa ta yi, Malam, a sake tambayarta!"

"Ban ruɗe ba, Gwaggo. Biyu ne. Lalurar da ya hwaɗa ina da ita."

Badamasi ya miƙe yana washe baki, yana karɓar hannun mutanensa. Alƙali ya bar shi ya gama. Ya cire gilashi ya goge da bakin rawani, ya mayar.

"Komen da ka yi ya tabbata, matarka ce," ya ce. "To, Alhaji Badamasi, da ita matanka nawa ke nan?"

Badamasi ya juya ya dubi mutanensa. Alƙali ya ci gaba.

"Na ji an ce ka yi amarya bayan sallar layya. Hamida, ko? Har an ce tana da juna biyu."

"Haka ne, Malam. Gurbin wannan na cike da ita."

"Gurbin da ba a tashi ba? Kai da bakinka ka ce iddarta ba ta ƙare ba, ita kuma ta gaskata ka. Ashe ranar da aka ɗaura maka da Hamida mata biyar ka tara. Wancan aure bai ɗauru ba, yau zan raba shi."

Zufa ta keto wa Badamasi ta ƙarƙashin hula. Duk Damari an san yadda yake ji da cikin nan na Hamida, ya kuma san mahaifinta ba mutumin da ake aika wa irin wannan labari ba ne.

"Malam, babu wata hanya?"

"Akwai. In ka riƙe Najiba, ka yi sallama da Hamida. In ka datse igiyoyin Najiba da suka rage, in Hamida ta haihu sai ka koma wajen ubanta ka sake nema. Zaɓi."

Bai ɗauki minti biyu ba. Ya karɓi biro a hannun magatakarda, ya rubuta wa Najiba sakin a tsaye. Ko kallon Najiba bai yi ba, matar da ya tara garuruwa uku a kanta. Ita kuwa ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba. Hamida ta faɗo mata a rai, yarinyar da ke can Damari tana girkin rana ba ta san an kwance mata aure ba.

"Ke kuma, ɗiyata," in ji alƙali, muryarsa ta sauka, "tunda komen ya tabbata kafin wanga saki, idda sabuwa za ki soma daga yau. Babu ɗaurin aure Juma'a. Allah shi ba ki lafiya."

Ta ƙofar baya ɗan sanda ya fitar da su saboda jama'a. Gwaggo Larai ta wuce gaba tana sharar hawaye, tana faɗa wa iska cewa ita dai ta yi raino ta ga sakayya. A gindin wata bishiyar darbejiya Mas'ud ya tsaya. Can gefe Alhaji Gide ya riga ya shiga mota ya tayar da inji.

"Wata nawa?" in ji Mas'ud.

"Ban sani ba, Malam. Jikina bai yi mani alkawari. Shina iya kai shekara, shina iya wucewa."

"Haihuwar fa?"

"Likita ta ce ana samu. Ba ta ce zan samu ba."

Alhaji Gide ya danna ham. Mas'ud ya sunkuyar da kai, yana murza makullin babur a hannu kamar ya manta ba da shi ya zo ba.

"Ba jiran ya dame ni ba," ya ce. "Wata bakwai ina zuwa gidanku, Najiba. A bakin wancan mutum zan ji? Mi ya hana ki hwaɗa mani?"

Ta dube shi sosai, idonta a bushe.

"Namiji ɗaya ya taɓa sani," ta ce. "Ka ga inda ya kawo ni."

Ham ɗin ya sake tashi, wannan karon da tsawo. Mas'ud bai waiwaya ba, ya zura makullin a aljihu, yana nan tsaye a gabanta.