Turkudi Goma a Takarda

Umara ya sauke kayan a gaban rumfar Tukur dillali, a kasuwar Gaya, yana haki yana murmushi. Tun asuba ya taso daga Gafasa da ƙunshi goma na turkudi a ka, baƙin zanen nan mai sheƙi da fatake ke rububi, kowanne naɗe cikin takarda an ɗaure da zare. Mutumin da bai taɓa cinikin da ya wuce na kaza ba, yau shi ne falke.

Shekaranjiya ne wani baƙo mai jakuna ya sauka a zaurensa, ya ce hatsi yake nema wa ayari, ba shi da ko wuri sai turkudi. Ya kwance ƙunshi ɗaya, shuni ya bi yatsun Umara, ya mayar ya naɗe. Sauran kuwa ya ce ai kowa ya sani ba a buɗe turkudi sai a hannun mai ɗaurawa, iska na taɓa shi sheƙi ya tafi, kuɗi ya faɗi. Haka al'adar take kuwa, abin da ya ci Umara ke nan. Ya ba da damin gero arba'in, duk abin da ke rumbunsa har da irin shuka, ga damina saura wata biyu. Matarsa Hajo ta roƙa a bar ko dami biyar, ya ce mata idan ya dawo rumbu biyu zai cika.

Tukur ya ɗauki ƙunshi ɗaya ya jinjina, ya sansana, sannan ya sa farce ya ɓare gefen takardar. Tsummoki ne aka tsoma a baba aka daddanne. Na biyu haka, na uku haka. Umara ya rantse akwai wanda ya gani da idonsa, a duba dai.

"Wanda ka gani yana kan jakinsa, ɗan'uwa," in ji Tukur. "Da shi zai ci rumbun wani gobe."

Umara ya zauna a ƙasa. Ya yi maganar alƙali. Tukur ya tambayi sunan baƙon da garinsu, Umara ya lalubi kansa, bai samu komai ba sai "Malam". Kwana guda ya ciyar da mutum, ya ba shi tabarmarsa, bai tambaya ba don kada a ce ya ƙi baƙo.

Tukur ya rage murya. Ya ce saura bakwai ba a taɓa ba, ga wani mutumin Kademi can ya sayar da bijiminsa, turkudi yake nema, shi ma ba zai buɗe ba. Umara ya dubi mutumin, da faso a ƙafa da kanta a hannu irin nasa. Ya daɗe yana dubansa, don yana son kuɗin nan ƙwarai. Daga nan ya jawo ƙunshin ya yi ta yayyage takardun, har na bakwai.

Gab da magariba ya shiga gida. Hajo ta ga kansa babu kaya, ta washe baki. Ashe da ya fita ta shiga rumbu ta share gindinsa, ta tattara ɗan abin da ya zube, ta daka ta dama masa fura ta barka da kasuwa. Ta ajiye ƙwaryar a gabansa.

"Shanye duka, Malam," ta ce. "Ai ita ke nan, gobe sai sabon hatsi."

Umara ya ɗauki ludayin, ya kasa kai shi baki.