Wanda Ya Dama Kunun Atu

Mudi yana tallafe da kan Atu, Salome tana ɗiga masa ruwa a baki da cokali, sai wasu fatake daga Malumfashi suka yi sallama a ƙofar gida, suna tambaya ko nan ne gidan Mashayi, wai sun ji yana kwance. Salome ko motsi ba ta yi ba. Ta gaji da gyara wa mutane sunan mijinta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da wani ɗalibi ya zo daga Zariya da kyamararsa, ya ce zai yi ɗan gajeren fim a kan yadda burkutu ke cinye gumin manoman auduga. Kowa ya ƙi fitowa a mashayin. Atu, mai ba da waƙa a coci, wanda giya ba ta taɓa shiga bakinsa ba, ya yarda, don an ce masa a ƙarshe mutumin zai tuba ya koma gonarsa. Mudi, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su, shi ya dama kunun da aka zuba wa Atu a ƙwarya a maimakon burkutu.

Masu majigi suka zagaya da fim ɗin daga Funtua har Matazu. Tun a yawon farko ƙarshensa ya ƙone a cikin inji, ba kuma wanda ya damu. Abin da jama'a suka gani dai Atu ne yana tangaɗi, yana faɗawa kwata. In ya shiga tasha, direbobi su ce sai ya yi musu tafiyar nan. Da fari yakan yi, har yana jin daɗin an san shi. Ya daina ne ranar da aka tsallake shi a zaɓen dattawan coci, aka ce an san wasa ne, amma baƙi ba su sani ba. Mudi kuwa, in ana dariyar, da shi ake yi.

Yanzu, a hannun Mudi, Atu ya buɗe ido da ƙyar.

"Malam Mudi, kai ka dama."

"Ni na dama, Atu."

"To ka faɗa musu. Salome matata ce, ba a yarda da ita."

Atu ya cika ranar Alhamis, bayan azahar kaɗan.

Mudi bai taɓa magana a taron Kirista ba. A bakin kabari ya jira fasto ya gama, sannan ya nemi izini. Ya ce shi Musulmi ne, ba zai yi ƙarya a kan mamaci ba: kunun tsamiya ne, da hannunsa ya dama, kuma tuntuni ya kamata ya faɗa. Dattawan suka sunkuyar da kai. Daga can baya wani baƙo ya ce, cikin tausayi na gaske, "Allah sarki, Mashayi."

Mudi bai waiwaya ba. Ya biyo ta gonar Atu zai koma gida. Dawa ta nuna har kawunanta sun rusuna, tsuntsaye sun sauka suna ci. Ya tafa hannu sau biyu, suka tashi, suka sake sauka a kunya ta gaba.