Takun Farko da Dutsen Guga

Ranar da 'yar yayata ta fara taku, ina falonsu ina ninke kaya. Ubanta, wanda ko watanninta nawa bai sani ba, ya goge rigarsa ya bar dutsen guga a ƙasa, bai ko kashe shi ba. Da ya ga yarinyar ta saki kujera, sai ya zaro waya ya fara ɗauka.

"Taho, taho wajen Baba!" yake cewa, idonsa a kan waya. Ita kuwa dutsen ta nufa, hannu a miƙe.

Na watsar da kayan na sure ta. Gefen dutsen ya lashe ni a hannu, fata ta tashi nan take.

Ya yi tsaki. "Haba ƙanwata, kin ɓata mini bidiyo. Sake tsayar da ita."

Yayata ta fito daga kicin, ta dube shi sama da ƙasa. Ta kashe dutsen, ta ja ni bakin famfo.

Gogan naku ya yanke ƙarshen bidiyon, ya tura wa abokansa, ya wuni yana amsa barka.