Inda Hasken Farin Wata Ya Sauka

Tun a cikin mota Malama ta yanke wa kanta hukunci: in har tana nan a cikin zanen, yau za ta ajiye girman kai ta kira shi. Shi ne mai zanen da ta kusa aura, kafin wata gardama marar kan gado ta raba su bara. Zanen kuwa a gabanta aka fara shi. A ɗakin aikinsa ta tsaya masa a kan wani tsohon akwati har ƙafafunta suka yi tsami, shi yana mayar da akwatin dutse, ita kuma mace mai kallon teku.

Da suka shiga zauren baje kolin ita da ɗalibanta, tun daga ƙofa ta hango zanen a bango. Ta kasa duban gefen dutsen, sai ta juya wa zanen baya.

"To, masana, ku faɗa mini abin da ido ya gani. Ban da labari. Layi, launi, haske."

"Shuɗi ne ya cinye ko'ina, Malama," in ji wata mai tabarau. "Sama da ruwa sun kusa zama abu ɗaya, siririn layi ne ya raba su. Farin watan yana sama ta hagu, haskensa ya shimfiɗo kan ruwa kamar hanya."

"Hanya zuwa ina?"

"Zuwa babu!" Sarkin Surutu ne ya cafe, dogon ɗalibin da bakinsa ba ya hutu. "Wallahi Malama, mutumin nan ya yaudare mu. Ya ja idonmu tun daga sama, ya ratsa da mu teku, ya dire mu kan dutse, dutsen kuma wayam. Kamar a kai ka gidan biki ka tarar an watse."

"Kai dai ko a zane abinci kake nema," mai tabarau ta ce. Aka kwashe da dariya.

Malama ta juyo a hankali. Dutsen yana nan, gefensa na ƙyalli. Babu kowa a kansa.

Ta matsa, ta karkata kai ta dubi zanen ta gefe, yadda take koya musu. Ta so ta ga alamar kankarewa, ko zanen wuƙa, ko fenti da aka maka da fushi. Mai fushi ai bai gama da kai ba. Amma wurin sumul yake. Mai zanen ya bi kafaɗarta da shuɗi, ya bi mayafinta da kumfar ruwa, shafi a kan shafi, siriri siriri. Ta san fentin mai: ba ya karɓar wani shafin sai na ƙasa ya bushe. Ke nan ya shafa, ya tafi ya ci abinci, ya yi barci, ya dawo bayan kwanaki ya ƙara, hannunsa ko rawa bai yi ba.

"Malama, kuskure ne ko?" Sarkin Surutu ya tambaya, wannan karon murya ƙasa-ƙasa, don ya ga idonta.

"A'a." Ta ja da baya daga zanen. "Wanda ya yi wannan ya san abin da yake so, kuma ya yi shi a natse. Mu je na gaba."