Akori-kurar Labbo da Gorar Inno

Duk tashar Tsafe da ke Gusau an san akori-kurar Labbo da harbi. Laifin kuwa nasa ne. Shekarar da Zamfara ta zama jiha ya sa Gambo bakanike ya ƙara mata ƙarafa uku uku a sifirin ɗin baya, don ta riƙa ɗaukar buhunan masara da suka fi ƙarfinta. Da kaya tana tafiya lumui. Ba kaya kuwa, ko tsakuwa ta taka sai bayanta ya yi tsalle kamar jakin da ƙudan zuma ya harba. Shi ya sa kullum yake ajiye buhu huɗu na yashi a bayan.

To, matarsa Halima ta je wankan gida a rugarsu da ke bayan Bilbis, kwana arba'in ya zama wata biyar. Labbo ya gaji da tuwon tasha, kuma kewar ɗansa na fari ta hana shi sakat. Mai riƙe da su ita ce Inno, surukarsa, wadda labarin motar ya riga ya kai wa. Ta aiko cewa ranar Laraba za ta suna Karakkai, ya zo ya kai ta. In ta ga motar ta mutane ce, Halima ta koma ɗakinta.

Labbo ya wanke mota har da tayoyi. Sai ya dubi buhunan yashin nan ya ga ai abin kunya ne a ɗauko suruka da su, ya sauke su a ƙofar gida. A lissafinsa gaba za ta zauna. Wanda ya auri Bafulatana bai kamata ya yi wannan lissafi ba.

Inno ta fito da gorar kindirmo da za ta kai wa maijego. Ya buɗe mata ƙofar gaba, idonsa a ƙasa. Ko kallon ƙofar ba ta yi ba; ina ita ina zama kafaɗa da kafaɗa da mijin ɗiyarta ta fari? Ta zagaya ta hau baya, ta rungume gorarta. Shi kuma ya mayar da ƙofar ya rufe, ya tayar da mota.

Daga ruga zuwa kwalta ya riƙa lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai, amma a banza. Kowane rami sai ya hango kan Inno a madubi ya yi sama ya dawo. Suka wuce Tsafe, suka ratsa Gusau, daga Bungudu suka faɗa gargadar damina. Nan motar ta fara jefa bayanta dama da hagu, Labbo na kokawa da sitiyari, gumi na karyo masa.

A Karakkai ta sauko, ɗankwali a karkace. Mata suka taro ta, aka buɗe gora don a juye. Sai ga man shanu curi-curi yana yawo a saman tsala. Aikin da Inno ke shafe rabin safiya tana kaɗawa, mota ta gama shi a hanya. Gida ya ɗauki dariya, ban da mutum biyu.

Inno ta juya ta fuskanci garu, ta ce da garun, "Wagga mota ta iya aiki. Amma jikana ba nono ba ne."

Labbo ya ga wata biyar na shirin zama shekara. Ya durƙusa, shi ma ya fuskanci tayar baya, ya yi wa tayar bayani tiryan-tiryan: ƙarafan Gambo, da yashin, da dalilin da ya sa ya sauke shi. Ya ƙare da cewa motar ba ta da mugunta, nauyi kawai take so.

Inno ta ce, "In nauyi take so, akwai shi."

Ranar Asabar ya iso ruga ya tarar da tuli: gero buhu biyar na gara, turmi, tukwane, da karsanar da aka bai wa jariri. Halima da yaro suka shiga gaba. Har ya tayar da mota, sai ya ji bayanta ya ƙara nutsewa. Ya leƙa madubi: Inno ce ta hau, da tabarmarta da wani ƙullin kaya wanda bai yi kama da na kwana biyu ba.

Har Gusau motar ba ta yi ko tari ba, yaro ya yi ta barcinsa. A ƙofar gida Inno ta dubi buhunan yashin nan, ta tambaye su ko nauyin ya isa.

Labbo ya ce da ƙasa, "Ya isa, Inna."

Sai bayan kaka ta koma Bilbis.